Inabin Tsakar Gida

Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Bayan ya cinye garinmu aka ba mu wuri a ƙasar Bebeji, maigidana ya koma noman rani. Daga baya malaman gona suka kawo dashen inabi, ya karɓa ya yi lambu. Kurangar inabi guda ɗaya ta rage masa a kwando, ya dasa mini a tsakar gida kusa da randa, ya kafa mata rumfar sanduna. A ƙarƙashinta nake tankaɗe, a nan yake cin tuwonsa.

Bayan wasu shekaru ciwo ya shigo lambuna. Ganye ya naɗe ya yi ja, 'ya'yan su ƙi zaƙi. In ka ɗaga ɓawon itacen sai ka ga ƙwari farare kamar auduga. Su ke ɗaukar ciwon daga wannan kurangar zuwa waccan. Umarni ya zo daga sama, har a rediyo an faɗa: duk inda ake noman inabi a ƙasar nan a tumɓuke masu ciwo lokaci guda a ƙone, sannan a raba sabon dashe. Maigidana ya tumɓuke nasa da hannunsa. Bai ga sabon dashen ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Malaman gonan nan maza ne. Sun zagaya lambuna kaf, amma gidajen aure iyakarsu zaure. Ba wanda ya ce musu akwai inabi a ciki, su ma ba su tambaya ba. Sai da ciwon ya sake ɓulla a wani gari wajen Kiru bayan an yi musu sabon dashe, aka gano daga cikin gidaje ya fito. Sai aka turo mace.

Ina cikin takaba ta yi sallama. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya."

Ta sha ruwa, idonta na kan rumfar. Ta tashi ta juya ganye, ta ɓanɓare ɓawo da farce, ta nuna mini farin abin.

Na ce, "Ki yi mata feshi."

Ta ce, "Feshi ƙwarin yake kashewa, Inna. Ciwon ya riga ya shiga jikinta."

"To in yanki reshe in dasa a wani wuri."

"Da ciwon zai tashi."

Na roƙe ta a bar mini ita har in fita takaba. Ta sunkuyar da kai ta ce motar dashe ba za ta jira ba, kuma garin da aka samu ko guda ɗaya a tsaye za a tsallake shi sai baɗi. Ba ta matsa mini ba. Ta ce za ta dawo ranar kasuwa.

Da yamma ƙanin maigidana ya shigo, shi ne lambun ya koma hannunsa tare da marayu. Tsakaninmu akwai wasa tun ina amarya.

Ya ce, "Yaya, inabin da ko tsuntsu ya ɗanɗana sai ya yamutsa fuska, shi za ki hana mu noma a kansa?"

Na ce, "Kai da kake cika aljihu da shi in na juya baya?"

Ya yi dariya, sai kuma ya dubi rumfar. Ya fita yana share ido da hannun riga.

Na kwana biyu ina duban kurangar. Ita kaɗai ce ta rage daga abin da hannun maigidana ya dasa. Kafin ranar kasuwa na aika a kira ƙanin nasa, na ce ya zo da gatari da diga. Na shiga ɗaki na saki labule. Ina jin saran, ina jin yana kokawa da saiwar, don ta yi nisa har ƙarƙashin randa.

A bayan gari aka ƙone ta. Mai takaba ba ta fita, saboda haka ban je ba. Na tsaya jikin katanga na hango hayaƙin, har ya ƙare.