Kwalekwalen Malam Muhyiddeen

Ƙanena Muhyiddeen ya shekara talatin yana koyar da fiziks a wata sakandare a Rano. Bai yi kuɗi ba, bai kuma nema ba. Ya haɗa injin ɓare gyaɗa da ake tuƙawa da fedar keke. Ya manna fasassun madubai a tsohon kwanon setilayit, muka dafa wake da zafin rana. Amma zuciyarsa tana ruwa. Duk Asabar yana bakin dam ɗin Tiga ta wajen Rurum.

A can ya kafa wa kwalekwale doguwar gora, ya ɗaura mata buhunan taki da ni na ɗinka masa, iska ta riƙa tura shi ba tare da ya tuƙa ba. A tsakiyar jirgin ya yi wata tsaga, inda yake zura dogon katako mai ƙarfe a ƙasa ya nutse cikin ruwa. Ya ce mini katakon ne ke hana iska kifar da jirgi. Masunta sun yi masa dariya shekara guda, daga baya suka koma roƙon ya ɗana su.

Da ciwo ya kwantar da shi, wani tsohon ɗalibinsa, Ramalan, mai neman kansila, ya karɓi jirgin da sunan zai gyara. Katakon yana ɗakina, don a nan Malam ke ajiye shi. Malam ya rasu. Ba a yi sadakar bakwai ba Ramalan ya shafe jirgin da fenti, ya rubuta sunansa, ya shiga rediyo yana cewa shi ya ƙirƙira. Ko sau ɗaya bai ambaci malaminsa ba.

Ya sa ranar nuna wa manya. Ana jibi ya zo gidana da goro, ya ce jirgin yana karkata, ko Malam ya bar wata takarda. Na tambaye shi sunan wa ke jikin jirgin.

"Gwaggo, suna ai ba komai ba ne. Ci gaban gari muke nema."

"To, Allah ya ba da sa'a," na ce, na mayar masa da goronsa.

Ranar na shiga motar Rurum da wuri, na sami wuri a gaban taron a bakin dam. Na leƙa jirgin, na ga ya toshe tsagar da kwalta, ya ɗauka ɓaraka ce. Ban yi masa maganar katakon ba. Ban kuma tambayi zurfin ruwan ba.

Ramalan ya shiga jirgin da babbar riga da lasifika. Bai yi nisa ba iska ta cika buhunan, jirgin ya kwanta, ya kife. Alu, wani tsohon masunci da ya sha yawo da Malam, shi ya tsamo shi yana aman ruwa, ba hula ba takalmi. Wani daga cikin manyan ya tambaya ko wanda ya ƙera jirgin bai san halinsa ba. Alu ya ce wanda ya ƙera shi yana maƙabarta.

Ramalan ya tafi ya bar jirgin a bakin dam. Washegari na aika wa Alu katakon, da sharaɗin a mayar wa jirgin sunan mai shi. Ya kankare fentin da wuƙa, ya kira mai rubutun allon shaguna ya sa sunan Muhyiddeen a gefe biyu. Ramalan yakan gaishe ni a kasuwar Kibiya. Har yau ban amsa ba.