Kwana Shida Maganata Tana Cikin Waya

A shekarar da igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasa mai tsarki, ta mutu, tun kamawar watan Hajji ban sauko daga benenmu na unguwar Tandabawi ba. Maigidana ya rasu, takardar zamana ta bi shi, masu duba takardu kuwa suna tsaye a kowace mahaɗa. Ɗaki ɗaya ne da taga ɗaya, daga ni sai 'yata.

Wayata ba ta da layi. Sai wayar 'yata tana kusa da ita take samun shabaka, wato intanet, amma a lokacin ban san haka ba. Abin da aka koya mini shi ne in danna, in yi magana, in saki.

Saura kwana biyu hawan Arfa saƙo ya shigo daga ƙanwata a Damagaram. Shekara tara ba ma magana, tun da mahaifiyarmu ta rasu ta ɓoye mini har aka yi arba'in. Muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce, "Yaya, jikin ya ƙi. Ki yafe mini."

'Yata tana ɗaure jakarta, za ta tafi aikin girkin alhazai a Arfa da Mina. Ta ce, "Inna, ki amsa mata yanzu, kafin in fita."

Na ce, "Ita ta riƙe kwana arba'in, ni ba zan riƙe yini ɗaya ba?"

Ta ce, "Halas, shi ke nan, ke kika sani. Kada dai ki buɗe wa kowa ƙofa."

Ta sauka da wayarta.

Ranar Arfa unguwa ta yi tsit, ko mai gurasa bai buɗe ba. Ina azumi. Bayan la'asar zuciyata ta yi sanyi, na danna na ce, "Na yafe miki duniya da lahira, ni ma ki yafe mini." Na saki. Na ga wani ɗan zane kamar agogo a gefen maganar, na ɗauka ado ne.

Na jira amsa, shiru. Ranar Sallah na sake yi, na yi mata barka. Washegari na ba ta labarin rijiyar gidanmu da muka taɓa jefa wa guga biyu. Shiru dai. A kwana na huɗu raina ya ɓaci, na ce, "Ashe halinki yana nan. Kin roƙa, an ba ki, kin yi gum."

Maƙwabciyata ta ƙasa tana da shabaka, daga baya na ji. Matakala goma sha ɗaya ce tsakaninmu. Sau biyu na sa mayafi na kama ƙofa, in je ko ta duba mini, sai in ji takun maza a waje in koma in zauna.

A kwana na shida 'yata ta dawo, tana warin hayaƙi. Ba ta ko cire takalmi ba wayata ta fara kuka a kan darduma. Ta ɗauka, ta duba, ta ce, "Inna, babu ɗaya da ya tafi. Duk suna nan a jere, yanzu suke fita."

Suka fita bi da bi, yadda na faɗe su, har da na faɗan. Na can ma suka shigo a jere. Na farko ƙanwata ce: "Yaya, kin ji ni?" Na biyu numfashi ne kawai. Na uku muryar 'yarta ce, ta ce an kai ƙanwata makwancinta ranar Sallah da hantsi, kuma har ƙarshe tana cewa a duba mata waya.

Sannan na ce wa 'yata ta duba mini ranar da ke jikin maganata ta farko. Ta ce ranar Arfa ce, bayan la'asar.

Na ce, "To tana da rai na yafe."

Ta ce, "Tana da rai, Inna."

Mu biyun mun san ƙanwata ba ta ji ba. Abin da 'ya'yanta suka ji a zaman makoki, cikin mata masu gaisuwa, shi ne gafarata da barkata da rijiyar, sai kuma faɗan a ƙarshe.