Kabad ɗin Malama Tukuna

Shekara ashirin da tara ta yi tana riƙe da laburaren makarantar sakandaren da ke bayan tashar mota, kuma cikin yaran da suka bi ta hannunta da wuya a samu goma da suka san sunanta na yanka. Malama Tukuna suke ce mata. Ba su suka raɗa ba, a bakin yayyensu suka tsinta. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk yaron da ya nuna sabon littafi ya ce yana so, amsar ɗaya ce: "Tukuna." Ta san da sunan sarai. Har ta kai in an kira shi daga nesa takan waiga, sai daga baya ta tuna ta ɗaure fuska.

Gajeruwar mace ce mai tafiya ba motsi, ba a jin zuwanta sai dai a ga inuwarta a kan shafi. Mijinta direban motar kaya ne, ya rasu tana da shekara talatin da biyar, Allah bai ba su haihuwa ba. Tun daga nan take zaune da ƙanwarta a ɗaki biyu, saman wani shagon fenti. Ƙanwar ma'aikaciyar jinya ce, bakinta ba linzami. Takan ce, "Yaya, ai ke kin sake aure ba ki gayyace mu ba. Laburare kika aura, ga shi bai taɓa saya miki ko ɗankunne ba."

Laburaren ɗaki ne guda dogo, tagogi huɗu, biyu ba sa buɗuwa, da fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Tsofaffin littattafai suna kan kantoci, kowa na iya ɗauka. Can ƙarshen ɗakin, jingine da bangon da tankin ruwa ke bayansa, akwai kabad na katako mai ƙofar gilashi, hawa biyar. Nan sabbin littattafai suke, a kulle, makullin na ɗaure a bakin gyalenta. Yara su zo su manna goshi a gilashin suna karanta sunaye, su tafi su bar mata shatin goshi tana gogewa.

Kada a ce mugunta ce, domin ba ita ba ce. Tsari ne, kuma tsarin ya fi ƙarfin mai shi. Sabon littafi ba ya fita sai ta karanta shi da kanta daga bango zuwa bango. Sannan ta yanka leda daidai jikinsa, ta naɗe kusurwa huɗu, ta danne da salatif. Ta buga hatimi a shafin farko, da na ashirin da ɗaya, da na ƙarshe. Ta manna aljihun kati, ta rubuta lamba. Kuma bi da bi take yi, yadda suka iso. Ba ta taɓa tsallake littafi ɗaya don wani ba, ko da ɗan shugaban makaranta ne ke nema.

Abin yana da asali. A shekararta ta biyu da fara aiki aka kawo littattafan labari guda arba'in, ita kuwa lokacin jini na tafasa, ta rabar da su a ranar, ko buɗe su ba ta yi ba. Bayan kwana uku wani mutum ya shigo rai a ɓace, yana jan 'yarsa da hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun. Ya buɗe wani shafi ya ce ta karanta da ƙarfi. Ta duba, ta kasa. Ya yayyaga littafin a gabanta, ya ce makarantar da ake ba yara irin wannan, 'yarsa ta gama da ita. Yarinyar ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma ba ta sake dawowa ba. Malama ta taɓa hango ta bayan shekaru tana wanke kwanuka a wani gidan abinci, ta sauya hanya don kunya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga ranar ta yi rantsuwa ba za ta sake miƙa wa yaro abin da idonta bai gani ba.

Shekara da shekaru tsarin bai cuci kowa ba, don littattafan matasa a lokacin ba su da yawa. Goma, sha biyu a shekara, kafin hutu ta gama da su. Sai zamani ya juya. Kamfanonin ɗab'i suka farga cewa 'yan shekara sha huɗu ma mutane ne, suka shiga fitar da labarai kamar ruwan sama, wani kashi biyu, wani kashi uku, da bango mai sheƙi. Wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta fara aiko da kwali biyu duk shekara. A daidai wannan lokacin kuma yanar ido ta fara rufe mata idon hagu. Littafin da take cinyewa a kwana biyu ya koma fiye da mako, da tabarau, da madubin ƙara girma, da ciwon kai. Littattafai na shigowa ta ƙasan kabad da gudu, suna fita ta sama da rarrafe.

Shugaban makaranta ya taɓa yi mata magana cikin lalama. "Malama, a raba wa malamai mana su taya ki dubawa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gwada. Malamin lissafi ya riƙe ɗaya wata biyar, ya dawo da shi da shatin kofi, da na tambaye shi ƙarshen labarin sai ya hau kame-kame."

Shugaba ya yi dariya ya bar zancen. Mutum ne mai gudun rigima, kuma a lissafinsa saura kaɗan ta yi ritaya.

Mai shara ma ya yi nasa. Wata safiya ya nuna mata wani siririn layin jar ƙasa da ya hau bango daga gefen kabad. "Malama, wannan fa hanyar gara ce. A janye kabad ɗin nan a duba bayansa."

Ta tsaya ta auna. Janye kabad yana nufin a kwashe littafi sama da ɗari biyu a zube a ƙasa, hannun wannan da na wancan, layi ya rikice. Ta sa ya kankare ƙasar da tsintsiya, ta yayyafa kananzir a gefen, ta ce in an yi hutu za a duba. An yi hutu shida bayan nan. Layin bai sake fitowa ta gefen ba, hankalinta ya kwanta.

A cikin masu manna goshi akwai wata da ake ce wa 'Yar Tela, don ubanta na da keken ɗinki a bakin tasha. Doguwa ce, siririya, mai cin farce. Tana aji huɗu ta ari wani littafi mai shuɗin bango, labarin wata yarinya da yayanta ya shiga jirgin ƙasa neman aiki bai dawo ba, ta bi sawunsa gari gari. Littafin ya ƙare yarinyar na tsaye a ƙofar wani gida, ta ƙwanƙwasa, an fara zare sakata. A ƙasa aka rubuta cewa saura a kashi na biyu. 'Yar Tela ta ari littafin nan sau bakwai, katinsa kusan duk sunanta ne. Malama ta san dalili ba tare da ta tambaya ba, domin kowa ya san babban ɗan telan ya tafi neman aiki shekara huɗu ke nan, ko waya babu.

A wannan shekarar kashi na biyu ya iso cikin kwali, bangonsa kore. Malama ta jera shi inda layi ya kai, a hawan ƙasa, na shida daga dama. Sai yarinyar ta durƙusa take ganin sunansa.

"Malama, ga shi can ya zo."

"Na gani. Tukuna."

"Saura nawa kafin shi?"

"Ɗari da arba'in da ɗaya."

Yarinyar ba ta yi musu ba, ba tarbiyyarta ba ce. Sai dai duk ranar Litinin takan zo, ta gaishe ta, ta durƙusa gaban gilashi, ta tashi ta tambayi saura nawa. A kantin littattafai na cikin gari an sayar da nasu tun tuni, ko da akwai ma ba abin da tela zai iya saya ba ne. A aji biyar saura casa'in da takwas. A aji shida saura sittin. Malama na jin abin a ranta, wallahi tana ji. Ta rage hira, ta daina kallon talabijin, tana karatu har idon ya yi ja yana zubar da ruwa. Amma ta miƙa hannu ta ɗauko na ƙasa ta bar na sama, wannan bai taɓa yi mata kama da abin da mutum mai amana zai yi ba.

Mako biyu kafin jarrabawar fita, takardar kamfanin ɗab'i ta iso, mai jerin littattafan matasa da za su fito a sabuwar shekara. Malama ta manna ta a allon sanarwa kamar yadda ta saba. 'Yar Tela ta bi jerin da yatsa, ta tsaya a tsakiya.

"Malama, har na uku zai fito." Ta yi ɗan murmushi. "Ni dai in mun gama zan tafi wajen gwaggona, ta samar mini aiki a masana'antar buhu. Wai kwana biyu da gamawa za mu wuce."

Da yamma Malama ta kai wa ƙanwarta labarin, tana tsammanin za a taya ta jimami. Ƙanwar na guga, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, a wajen aikinmu in mutum ya zo jini na zuba ba ma ce masa ya bi layi. Waccan ta farko ubanta ya fitar da ita. Wannan fa, wa ya hana ta?"

Malama ta ji haushi ƙwarai, kwana uku ba ta yi mata magana ba. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji ta ƙi sauka.

Ranar da 'yan aji shida suka rubuta takarda ta ƙarshe, Malama ta iso da sassafe. Ta auna leda da kashi na ɗaya, tun da girmansu ɗaya ne, ta yanka ta ajiye. Ta jiƙa hatimi da tawada. Ta yanke shawara: za ta ba yarinyar littafin ba tare da ta karanta ba, kuma ba aro ba, ta tafi da shi. In an tambaya ta ce ita ta ɓatar. Shekara ashirin da bakwai rabon da ta yi irin wannan.

Da azahar 'Yar Tela ta shigo da rigar makaranta duk sa hannun ƙawaye, ta zo sallama.

"Zo nan, 'yata," in ji Malama. Ta kwance makulli daga bakin gyale.

Yarinyar ta tsaya cak. Malama ta buɗe gilashin, ta dafa gwiwa ta durƙusa da ƙyar. Wani wari na danshi ya taso. Kusan shekara uku ba ta kai hannu hawan ƙasa ba, kullum daga sama take ɗauka. Ta sa yatsa ta jawo mai koren bango, sai ya taho ba nauyi, jar ƙasa ta zubo mata a cinya.

Bangon lafiya lau, yana sheƙi, don gara ba ta cin bango mai santsin leda. Ciki kuwa babu komai sai ƙasa da 'yan guntayen takarda manne a jikin ɗinkin. Ta jawo na kusa da shi, haka. Na gaba, haka. Ta bi hawan ƙasa gaba ɗaya, ta hau na biyu, ta hau na uku. Garar ta shigo ta bangon tanki, ta huda bayan kabad, ta cinye su daga baya, ta bar fuskokinsu a jere suna kallon yara. Farare ƙanana suna ta gudu cikin ƙasar, suna neman duhu.

Malama ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta zauna dirshan a siminti.

'Yar Tela ta tsuguna ta ɗauki koren bangon, ta busa ƙasar, ta duba guntayen. Rabin kalma nan, rabin kalma can. Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta ce a hankali, "Malama, ko kin ɗan leƙa shi? Ko ƙarshen kawai. Ta same shi, yayan nata?"

Kalmar da ta saba ce ta zo mata baki. Ta haɗiye ta.

"Ban buɗe shi ba, 'yata. Ko sau ɗaya."

"Ba komai, Malama." Yarinyar ta miƙe, ta kama hannun Malama ta tashe ta, ta karkaɗe mata zane. Ta ɗora bangon a kan tebur, ta daidaita shi da gefen teburin yadda aka koya musu ajiye littafi. "Na gode. Allah ya saka da alheri." Ta fita, ana ta kiranta a waje za a ɗauki hoto.

Mai shara ya leƙo, ya ga abin da ya gani, ya koma neman buhu. Malama ta zauna a kujerarta. Ledar da ta yanka da safe na nan a gabanta, da almakashi, da salatif. Hannunta bai san wani aiki ba. Ta jawo koren bangon, ta shimfiɗa shi a kan ledar, ta naɗe kusurwa huɗu ta danne. Ta ɗauki hatimi, ta buɗe bangon tana neman shafin farko.