Lambar da ke Allon Mai Faci

A duk unguwar babu mutumin da gwamnati take ji da shi kamar Mai Faci. Wata ba ya ƙarewa ba ta aiko masa da saƙo ba, kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai dai a cikin saƙonnin nan babu nasa ko guda. Na tsofaffin unguwar ne.

Abin ya samo asali tun ranar da aka zo rubuta sunayen gajiyayyu don tallafin wata-wata. Ma'aikatan suka ce kowa ya ba da lambar waya. Tsofaffin suka dubi juna, sannan suka dubi allon da ke saman rumfar faci, inda aka rubuta lamba da jan fenti, ɓaro-ɓaro, saboda direbobin da taya ke ba su kunya a hanya. Ita ce lambar da ta fi kusa, kowa ya nuna ta. Shi kuwa yana durƙushe gaban bahon ruwa yana neman inda tiyub ke kumfa, bai san an naɗa shi ba.

Da ya sani, sai ya riƙe muƙamin hannu biyu. Wayar tsohuwa ce, madannanta sun goge, an ɗaure bayanta da yankin roba, tana rataye a ƙusa tsakanin famfo da gwangwanin gam. Ba ya kashe ta, ba ya ba da aronta. In saƙo ya shigo sai ya goge hannu a gaban riga, ya karanta a tsanake, ya bar taya a kwance ya bi gida-gida yana sallama. Ba ya aika kowa, ya ce maganar gwamnati ba ta aike ba ce. Matarsa takan ce da aikin nan na albashi ne da tuni sun canza kwanon ɗaki. Yakan ce ai ana biyansa da addu'a. Takan ce to ya rufa ɗakin da ita kafin damina.

Ana nan sai ga wani saƙo dabam: kowa ya je ofis ya sabunta bayanansa kafin ƙarshen wata, mutum ɗaya lamba ɗaya, kuma layin ya zama da sunan mai shi. Wanda bai yi ba za a tsayar da tallafinsa. Wato dai gwamnati ta lura cewa mutum ɗaya take ta rubuta wa.

Wani da an taɓa kujerarsa haka sai ya ɓata rai. Mai Faci rufe rumfa ya riƙa yi da hantsi, yana kwasar tsofaffi zuwa shagon layin waya, daga can zuwa ofis, yana riƙe wa wannan sanda, yana tuna wa wancan shekarunsa. 'Ya'ya da jikoki suka tono wayoyin da suka daina yayi. Kowa ya samu lambarsa, saura Gwaggo mai gawayi, wadda da tallafin nan take sayen maganin hawan jini.

Ya same ta a ƙofar gida tana ƙulla gawayi a leda.

"Gwaggo, saura ke fa. Wata ya kusa mutuwa."

"Ni ina da lamba, ɗan nan." Gemunsa ya yi fari, amma a wurinta har yanzu ɗan nan ne. Ta rero masa lambar allon daga farko har ƙarshe, ko numfashi ba ta ja ba.

"Wannan ai tawa ce, Gwaggo."

"Taka ce? To faɗe ta, kada ka waiwaya."

Bai iya ba. Shi kullum allon yake dubawa.

A hankali ya gane inda matsalar take. Autanta ya tafi neman aiki nesa, yakan kira jefi-jefi da wayar aro, kuma lambar nan kaɗai ya sani. Mai Faci ya yi mata bayani cewa lambar ba inda za ta je, in yaron ya kira zai kawo mata wayar kamar kullum. Ta saurare shi har ya gama.

"In gwamnati ta goge ni daga lambar nan, in ya kira wa zai tarar? Su riƙe tallafinsu, ni ina nan inda ya bar ni."

Ya koma rumfa ya tsaya yana kallon allon. Duk direban da ke bin hanyar nan da lambar ya san shi, da ita yake ci. Washegari ya cire wayar daga ƙusa, ya kai Gwaggo shago aka mayar da layin sunanta, shi ya yanki sabo ya sa a wata wayar.

A ofis, yarinyar da ke gaban kwamfuta ta ce, "Baba, mece ce sabuwar lambar Mama?"

Gwaggo ta rero.

"Ai ita ce tsohuwar, Baba."

Mai Faci ya ce, "Ita ce, 'yata. Mutumin aka canza."

Ta duba, ta ga haka ne, ta danna abin da za ta danna, aka wuce wurin. Da yamma ya hau kan taya ya shafe allon da farin fenti, ya rubuta sabuwar lambarsa. Gwaggo ta ƙulle wayar a bakin zane ta yi gida.

Ba a jima ba direbobi suka fara kira. Wannan ya ce tayarsa ta fashe a kan gada, Gwaggo ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta tambaye shi iyali, ta kashe. Wancan ya ce Mai Faci yake nema, ta ce an canza shi. Ranar da saƙon wata ya shigo, sai ga ta a rumfa tana kwance bakin zane.

"Karanta min, ɗan nan. In ka gama ka ajiye min ita a wurinka, ta cika kuka."

Ya karanta, tallafinta ya shiga. Ya mayar da wayar ƙusarta. Kafin azahar sauran tsofaffin suka iso, kowa da tasa a hannu, don a cikinsu babu mai karatu.

Mai Faci ya ƙara ƙusoshi.