Shu'aibu Mai Fassara da Kashi na Biyu

A Dogon Dutsi, in ka ce Shu'aibu kawai sai a tambaye ka wanne. In ka ce Shu'aibu Mai Fassara, kowane direba a otogar, wato tashar mota, zai nuna maka rumfarsa. Mutumin Kiyeshe ne, ɗan manomin gero, siriri mai dogon wuya, da murya irin wadda ke cika ɗaki ba tare da an ɗaga ta ba. Ya yi lakkwal, makarantar boko, har aji biyu na kwaleji, sai mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya koma gona. Bayan damina uku ya shigo Dutsi ya koyi gyaran rediyo, daga baya ya buɗe gidan kallo: rumfar zana, bencina takwas, talabijin guda, da ƙaramin injin wuta mai yawan tari.

Bakinsa ne ya bambanta gidan kallonsa da na saura. Yakan zauna gefen talabijin, ya rage sauti, ya riƙa mayar da maganar 'yan fim zuwa Hausa, yana sauya murya daga ta namiji zuwa ta mace, yana raɗa musu sunaye irin na gida. In fim ɗin na Faransanci ne, fassarar gaskiya yake yi. In na wani harshe ne, sai ya dubi fuska da hannu da abin da ya biyo baya, ya ɗinka magana ta zauna daidai. Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, kimanin shekara goma sha biyar da suka wuce, wani direba ya kawo masa faifai daga Birnin Kebbi a cikin leda, ba kwali, ba suna. Bayan la'asar ya saka shi ba tare da ya fara dubawa ba. Harshen da ake yi a ciki bai taɓa jin irinsa ba. Labarin wani birni ne inda aiki ya ƙare a doron ƙasa. Mutane sukan je wani babban ɗaki su kwanta a jere, a kifa wa kowa hula mai wayoyi, hankalinsu ya shige cikin na'ura. Can ciki akwai tituna na haske da gidaje da ake ginawa a rushe kafin ƙiftawar ido. Su yi aikinsu, da yamma su farka. Wani saurayi ya shiga bai farka ba, yayarsa ta bi sawunsa. Shu'aibu ya sa mata Shamsiyya, ƙanen kuma Idris. Ta sha wuya kafin ta gano shi, ta jawo shi har bakin ƙofa, ƙofar kuwa tana rufewa, mutum ɗaya kawai za ta ɗauka. Ta tura shi waje. A hoto na ƙarshe tana tsaye ita kaɗai, fitilun titi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai wani rubutu ya fito.

Fim ya ƙare, ba wanda ya tashi daga benci. Can wani ya tambayi abin da aka rubuta. Shu'aibu bai san ko harafi ɗaya a ciki ba, amma ya kasa barin yarinyar a haka, sai ya ce an rubuta akwai kashi na biyu.

Ya nemi kashi na biyun nan kamar mai neman ɓatacciyar saniya. Ya aiki direbobi Ƙonni da Sakkwato da Yamai, amma fim ɗin da ba shi da suna ta ina za a tambaye shi? Ya zauna a gidan intanet yana rubuta bayanin labarin da Faransanci, finafinai ɗari suka fito, ba nasa a ciki. Faifan kuma ya sha kallo har ya karce, ya fara sarƙewa, ya mutu. Daga nan wayoyin hannu suka cika gari, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa, bencina suka zama wofi. Shu'aibu ya sayar da talabijin, ya mayar da rumfar wurin cajin waya da zuba waƙoƙi a kati. Yana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa idanu, na hagu da farko, sannan na dama. Matarsa Sahura ce ta kawo dabarar ɗaura wa kowace waya zare mai ƙulli daban, da haka yake gane wayar kowa da taɓawa, bai taɓa miƙa wa wani ta wani ba.

Mutum ɗaya ce ba ta daina tambaya ba. Balki mai kopto, wadda ke sayar da kwaɗon zogale a ƙofar rumfar tun zamanin gidan kallo. Daga wani ƙauye kusa da Lugu ta fito, ta girme shi da shekara goma, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta taɓa shiga ta zauna a benci ba, ta kafar zana ta kalli fim ɗin, sau nawa ma ba ta sani ba. Ɗanta guda, Adamu, yana Aljeriya yana aikin gini, kuma a wayar Shu'aibu take jin saƙon muryarsa. A wata bazara saƙon ya yanke. Wata guda, wata biyu, shiru.

Ran nan da hantsi tana murza ƙuli a kan zogale, ta ce, "Shu'aibu, ɗiyar nan ta fim hwa tana can ciki har yanzu."

Ya ce ya nemi kashi na biyun har ya gaji. Sannan abin da ya daɗe yana ɓoyewa ya fito. "Yaya Balki, in gaya miki gaskiya, ko kalma guda ban ji ba cikin harshen nan. Duk abin da kunka ji, ni na ƙirƙira. Rubutun nan ma ban san abin da ya ce ba."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Wa ka zata bai sani ba? Tun da kai ka sa mata magana a baki, kai za ka gaya muna halin da take ciki."

Kwana bakwai maganar tana yi masa yawo a kai. A na takwas ya zo rumfa da wuri, kafin masu caji su fara zuwa, ya danna waya ya ɗauki muryarsa ta minti bakwai.

A labarin nasa, da fitilun suka mutu Shamsiyya ta yi ta tafiya da lalube har ta faɗa wani fili mai faɗi cike da muryoyi. Saƙonni ne da aka aika ba su isa ba: wanda rezo, wato sabis na waya, ya katse, wanda wayar mai shi ta faɗa rijiya, wanda aka tura wa lambar da ta mutu. Kowanne yana zaune yana maimaita kansa. Gaisuwa, ban haƙuri, albishir na haihuwa, faɗan da mai shi ya riga ya huce. Ta ce tun da ba ta da hanyar fita, bari ta zama mai kai su. Sai ta riƙa goya saƙo ɗaya, ta ratsa da shi ta cikin wayoyi da dogayen ƙarafan rezo, ta ƙetare wuraren da ba rezo, waɗanda a can ciki hamada ce ba ruwa ba inuwa, har ta kai shi kunnen mai shi. A waje kuma jikinta yana kwance a gida, Idris yana juya ta safe da yamma kada bayanta ya yi gyambo, yana ɗura mata kunu da cokali, yana yanke mata farce.

Balki ce ta fara ji. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce a sake sa mata. Masu karɓar waya suka ji, suka ce a tura musu. Kafin damina ta sauka labarin ya kai Tibiri da Dumega, ya bi Arawa, mutanen yankin da ke ci-rani, har Ikko da Abijan. Duk Talata da Asabar Shu'aibu yana fitar da sabo.

Shi kansa ya yi mamakin yadda abin ya karɓu, don ba hoto, ba kiɗa, murya ce kawai. Amsoshin da ake aiko masa ne suka fahimtar da shi. Wani magini daga Abijan ya ce shekara shida ke nan iyalinsa ba su san shi ba sai a cikin waya, don haka shi ya san garin da Shamsiyya take. Wani tsoho daga Lugu ya aiko a gaya masa wannan ba sabon abu ba ne, su sun daɗe da sanin jiki yakan zauna nan mai shi yana wani wuri. 'Yan makaranta suka riƙa gardama a ƙarƙashin itacen bedi kan ko tana raye ko ba ta raye. A wata na huɗu da yankewarsa saƙon Adamu ya shigo. An ƙwace masa waya ne a hanya, sai yanzu ya sami wata. Bayan ya gaida uwarsa, ya ce a gaya wa Baba Shu'aibu a ɗakinsu mutum tara ne, kuma duk suna bin labarin.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Jalaluddeen, wani matashin ɗan kasuwa mai shagon wayoyi a bakin titi, mai tsananin riƙo da addini, ya zo rumfar da azahar ya zauna. Cikin ladabi ya ce yana tsoron kada a shigo wa mutane da bori ta bayan gida, jiki a yashe, mai shi yana yawo. Shu'aibu ya ce shi ba iska ya sa a labarinsa ba, na'ura ce irin wadda Jalaluddeen yake sayarwa, kuma bai taɓa cewa abin ya faru ba. Suka daɗe suna magana ba wanda ya ɗaga murya. Da zai tashi, Jalaluddeen ya tsaya yana juya makullin babur a hannu.

"To Baba, can ciki ba rana, ba inuwa. Ta yaya take sanin lokacin salla?"

Shu'aibu ya ce bai taɓa tunani ba, amma a ba shi zuwa Asabar. Ranar Asabar Shamsiyya ta lura akwai lokuta biyar da hanyoyin da ke fitowa daga garinsu suke yin sauƙi, saƙonni su ragu, don mutane sun ajiye waya sun tafi masallaci. Da wannan ta riƙa gane lokaci. Jalaluddeen bai ce ya yarda da labarin ba, amma tun daga ranar yakan biyo ya gyara wa Shu'aibu kuskure kan yadda saƙo ke bi daga ƙarfe zuwa ƙarfe, shi kuma ya karɓi gyaran da hannu biyu.

Bara likitocin ido suka zo gari na mako guda, aka cire masa yanar idon dama. Bai daɗe da warkewa ba sai ga Lubabatu, ɗiyar wani ma'aikaci, wadda ke karatu a jami'a a Yamai. Ta bi bayanin da ya sha yi, ta tono fim ɗin a intanet, kuma ashe da gaske an yi masa kashi na biyu. Sahura ta ba shi shawara ya fara kallo shi kaɗai. Ya ce a'a, tare aka jira, tare za a gani. Aka aro talabijin, aka jera bencina, rumfa ta cika har waje.

A nan aka gane matar ba yayar saurayin ba ce, 'yar sanda ce da aka tura ta kamo shi. Cikin minti goma ta fasa ƙofa ta fito, sauran duk harbi ne da gudu. Lubabatu tana karanta fassarar Faransanci da ke ƙasa. Balki ta ɗauki tirenta tun ba a kai rabi ba, ta ce wannan ba ta san ta ba. Mutane suka riƙa satar kallon Shu'aibu. Shi kuwa ya matso da kujera dab da talabijin, ya rufe idon hagu da tafin hannu, bakinsa a buɗe. Da aka gama ya ce masu fim ɗin sun iya aikinsu, bai taɓa zaton titunan can ciki suna hawa sama su lanƙwaso ba, kuma zai ara. Ya yi wa Lubabatu godiya har ta ji kunya. Ranar Talata ya ci gaba da nasa daga inda ya tsaya.

Kwanan baya wani mutum mai suna Ishaku ya zo daga Dumega musamman don ya gan shi. Ya ce mahaifiyarsu ta shekara biyu a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma a da ƙannensa mata kaɗai aka bar wa jinya. Tun da shi da 'yan'uwansa maza suka ji yadda Idris yake yi, suka raba kwanaki, yanzu kowa ya iya juya ta da ba ta kunu. Tsohuwar ba ta iya magana sosai, amma in an sa labarin takan juyo da ido wajen wayar. Ya roƙi ko Shu'aibu zai ambaci sunanta a kashi na gaba.

Shu'aibu ya ce abin ya wuce a yi shi ta waya. Ya bar wa Sahura rumfa, ya bi Ishaku a motar kasuwa. Suka isa da rana tsaka. Aka shimfiɗa masa tabarma a gefen gadon tsohuwar, ya gaishe ta, ya sha ruwa, 'ya'ya da surukai suka zauna a bakin ƙofa. Ya gyara murya ya ba ta labarin yadda Shamsiyya ta ɗauko wata gaisuwa da ta shekara uku a hanya, daga farko har inda ta sauke ta. Tsohuwar ta saurara, hannunta mai lafiya yana riƙe da gefen rigarsa. Da la'asar suka ci tuwo, Ishaku ya raka shi bakin hanya, ya sami mota ya koma Dutsi.