Ranar Da Harafin Ɗ Ya Goge Mini Aiki

Na daɗe ina buga takardu a wani shago kusa da rijiyar Kusugu a Daura. Idan ina son harafi mai lanƙwasa, maɓallin Alt nake dannewa da babban yatsa in taɓa harafin. Hannuna ya saba, ko dubawa ba na yi.

Wata rana baffana da ke koyarwa a Sandamu ya kawo tarihin zuriyarmu in buga masa. A makon ne mai shagon ya sa mana sabuwar manhaja da wani ɗan gari ya haɗa. A cikinta, Alt da D goge rubutu gaba ɗaya suke yi, babu ko tambaya. Na zo kan kalmar "ɗiya", na danna yadda na saba, shafi uku suka ɓace.

Baffa ya leƙo ya ce, "Kai, ina kakannin namu suka shiga?"

Na kira mai manhajar raina a ɓace. Wai a Turance da D kalmar gogewa take farawa, shi ya sa ya zaɓe ta. Na ce, "Malam, da wane harshe kake zaton muke rubutu a Daura? Ka taɓa zama ka kalli hannun mai buga Hausa?" Dariya ya yi, ya ce da sannu zan saba.

Dariyar nan ta fi asarar ƙona mini rai. A ranar na sa aka cire manhajar, na sake buga shafukan, Baffa yana karanto mini.