Guguwar da Kawu Zaglul Ya Raɗa wa Suna

Kawu Zaglul bai iya rubuta sunansa ba, amma ya san sunan kowace guguwa da ke faɗa wa gaɓarmu ta Maks, nan gefen Iskandariyya, da ranar zuwanta, da kwanakin da take yi. Nawwa muke ce musu. Akwai Makanisa a tsakiyar Nuwamba, mai share teku kamar tsintsiya, kwana huɗu. Akwai Ƙasim a farkon Disamba, kwana biyar, ita ce uwar mugunta. Sauran na biye har sanyi ya fita. Ubansa ne ya ba shi lissafin, shi ma daga nasa uban. Shekara arba'in ba mai kwance igiyar jirgi a mashigarmu sai ya leƙa gidan shayi ya ce, "Rayyis, a fita?" Rayyis, wato shugaban jirgi, haka muke kiransa. In Kawu ya ɗaga gira, an fasa. In ya kurɓi shayinsa bai tanka ba, a fita.

Ni Sabri ɗan ƙanwarsa ne. Na bar makaranta a aji biyu, na taɓa tuƙa babur mai ƙafa uku, na taɓa soya kifi, ban zauna ko'ina ba sai gidan shayi, inda sana'ata tsokanar bayin Allah. Teku kuwa ba ni shiga. Ko daga kan gada na kalli ruwa sai na yi amai.

Marzuk, ɗan Kawu, shi ne ya gaji jirgin ubansa, ɗan ƙarami mai inji, shuɗi da ratsin rawaya. Mutum ne shiru-shiru, yana da mata, Tafida, da 'ya'ya mata biyu.

Shekarun nan teku ta soma rashin kunya. Zafi ya kai har Oktoba, ruwan sama ya zo ba gayyata, ruwan gishiri ya hau ƙofar gidaje. Kawu ya ce teku na nan yadda take, mutanen yanzu ne ba su iya kallon sama ba.

Shekara uku da suka wuce iska ta taso tun ƙarshen Nuwamba, ta yi kwana biyar cur tana dukan gari. Rana ta shida muka tashi teku kwance luf. Kowa a nan ya san washegarin nawwa kifi ke cika, don guguwa ta tono ƙasan ruwa. Kwana biyar gidaje na cin wake da burodi, maza sun ƙosa.

"Ƙasim ce ta yi sammako bana," in ji Kawu a gidan shayi. "Ta ci kwananta biyar, ta tafi."

Marzuk ya miƙa masa waya. "Baba, duba. Sun ce iska za ta dawo bayan azahar."

"Wayar nan ta taɓa jiƙewa? Ta taɓa jan taru?"

"Ranar Ƙasim fa yau ce, Baba. Wadda ta wuce wata ce daban."

"Wata wa? Faɗa mini sunanta! Guguwa ba suna, ba uba? Da yatsun nan na ƙirga ta."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma mutane sun cika, ni kuma ba ni ganin taro in ƙyale.

"Rayyis, ka rabu da shi," na ce. "Tafida ce ta ce ruwan da sanyi. A samo masa bargo da madara mai ɗumi, ni zan yi masa tawai."

Gidan shayi ya fashe da dariya. Wani ya ce a haɗa masa da safa.

Marzuk ya dube ni. "Kai mai amai a kan gada, har kana da baki?" Ya shanye shayinsa, ya jefa wayar a aljihu, ya fita.

Jirage huɗu suka tafi. Ukun suka tsaya kusa da gaɓa. Marzuk ya nausa can ciki, inda ba wanda zai ce ya ji tsoro.

Kafin la'asar sama ta koma kalar dalma. Iska ta zo daga kudu maso yamma, ƙofar da Ƙasim ta saba shigowa. Kawu ya tsaya a bakin mashiga ruwa na dukansa, yana ƙirga jirage. Ɗaya. Biyu. Na uku ya shigo da karyayyen gefe. Ya tsaya da yatsa na huɗu a miƙe har aka zo aka janye shi.

Ƙasim ta yi kwananta biyar, ba ta rage ko ɗaya ba. Rana ta tara aka tsinci Marzuk a rairayin Agami. Da rigar sanyin da Tafida ta saƙa masa aka gane shi.

Kawu bai yi kuka a maƙabarta ba. Bayan kwana arba'in ya dawo gidan shayi. A bangon akwai tsohuwar takarda mai jerin nawwa, ta yi baƙi da hayaƙi. Ya kira ni.

"Kai mai aji biyu, kawo alƙalami. Tsakanin Makanisa da Ƙasim rubuta: Marzuk, kwana biyar. Kada wani ya sake ɗaukarta a matsayin Ƙasim."

"Kawu, ni ne na..."

"Kai baki ka yi. Ni ƙirga na yi. Rubuta."

Na rubuta, layin ya karkace.

Tun daga nan in aka ce masa, "Rayyis, a fita?" sai ya ce, "Tambayi wayarka." Guguwar da ya raɗa wa suna kuwa ba ta sake zuwa ba. Bara wata ce ta zo a Oktoba, inda ba kowa a takardar. Amma duk ƙarshen Nuwamba, da safe, zai bi mashiga jirgi-jirgi yana ƙara ɗaure igiya, ko da teku na kwance kamar mai a faranti. Masunta kan gaishe shi, su jira ya sha kwana, su kwance su fita.

Ya sani. Sai ya zauna kan dutse a bakin mashiga, hannu a kan gwiwa, yana naɗe yatsa duk jirgin da ya dawo. Ni ke kai masa shayi. Nakan zauna gefensa, kuma duk Maks, nan kaɗai ne bakina ke mutuwa.